KAKA TA YI, INA MAKAƊA?

Mai karatu, ban san yadda kaka take sallama a garinku ba, amma mu a ƙasar Bagudo ba ta shigowa a ɓoye. Da zarar watan Satumba ya juya baya za ka ga hadari ya soma yaudara, ya taso baƙi ƙirin daga gabas har mata su kwashe shanya, can kuma sai ya watse ba ko ɗigo. Da asuba raɓa ta jiƙa maka ƙafa, da rana zafin agajeri ya hana ka sakat. Shamuwa ta haɗa nata ya nata ta tafi. Kogin Kwara kuwa a lokacin yake cike fal, shinkafar fadama ta sunkuyar da kai, yara na yawo da tumu a hannu, bakinsu duk baƙin gawayi. An yanke gero, dawa tana jiran nata lokacin.

Bana ma duk na ga waɗannan alamu, babu wadda ta yi fashi. Abu ɗaya ne na kasa kunne ban ji ba, shi ne ganga. Na zauna tsakar gida bayan isha'i, ga farin wata kamar rana, amma abin da ke tashi daga bayan katanga bai wuce ƙarar janareta da waƙar wayar samari ba. Shi ya sa na ɗauki biro, domin akwai wani bashi da ke wuyana tun ina yarinya, kuma duk shekara in kaka ta zo sai ya tashe ni.

Bari in fara da maganar kakata, wadda ta haifi babanmu, Allah ya jiƙanta. Wata rana muna sussuka na tambaye ta, na ce, "Inna, wai me ya sa ba a kiɗa da damina sai da kaka?" Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyag ga, wa ag gaya miki ba a yi? Ana yi, biya ne ba a yi. Da damana makaɗi bashi yaka badawa, da kaka shi zo amsa." A lokacin ban fahimta ba. Sai da na girma na karanta tarihin makaɗanmu na gane tsohuwar nan ta taƙaice mini littafi guda a cikin numfashi ɗaya.

Ga yadda abin yake. A da, in mutum gonarsa ta fi ƙarfinsa sai ya kira gayya. Samarin gari su fito da fartanya da garma, matan gida su dama fura, makaɗin noma kuma ya rataya gangarsa ya bi bayan manoma kunya kunya. Kowane ƙaƙƙarfa yana da takensa. In aka kaɗa wa mutum nasa, aka ambaci ubansa da kakansa, sai ka ga ya zabura kamar ba shi ne ya gaji ɗazu ba. To a wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, ba mai abin kyauta, sai alkawari. Wannan ya ce dami biyu, wancan ya ce akuya, wani ya ce riga. In Allah ya kai rai kaka, makaɗi ya ɗauki jakinsa ya bi gida gida yana karɓa. Manomin da ya tara dami dubu kuwa, wannan biki ne na musamman, daga nan ake kiran mutum sarkin noma ba da wasa ba.

Ba manoma kaɗai ba. Dambe ma ɗan kaka ne. Asalinsa wasan mahauta ne, su ne ke bin ƙauyuka bayan an gama girbi, su yi yanka su sayar da rana, da yamma a ja da'ira a buga, kalangu na tashi. Kokawa haka, sharon Fulani haka, auren 'yan mata haka, domin sai an sayar da amfanin gona ake samun na lefe da na gara. Mata kuwa namu kiɗan a turmi yake. Lugude in ya yi daɗi har taɓarya ake jefawa sama a tafa kafin ta dawo. Ga waƙar niƙa, ga ta daɓe, ga shantu, ga gaɗa a dandali. Wato dai kaka ita ce uwar kiɗa a ƙasar Hausa, don mai jin yunwa ba ya rawa, ba ya kuma kyauta.

In ka bi salsalar manyan makaɗan da muke tinƙaho da su a yammacin ƙasar Hausa, sai ka tarar da yawa daga gona suka fito. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, gidansu gidan kiɗan noma ne kafin su koma fadar Maradun da kotso, har ya zo ya yi wa Sardauna waƙa duniya ta san shi. Ibrahim Narambaɗa na Tubali shi ma da kiɗan noma ya buɗe baki kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa manoma ya yi wa 'yan dambe, kuma shi ya sa har gobe in an ce Shago, ko yaron da bai taɓa ganin fagen dambe ba ya san ana maganar namiji ne. Mu nan Kabi muna da gidan Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi zamani a fadar Argungu sannan ya koma Yawuri, ɗansa Sani ya gaje shi. Muna kuma da Gambu na wajen Jega, mai waƙar ɓarayi, wanda daga baya ya ajiye ta. Duk waɗannan mutane sun yi suna ne a cikin jama'ar da arzikinta ke cikin rumbu. Ko sarkin da ke ba da doki da riga, ai daga hatsin talakawa abin ya fito.

To amma Bagudo ba Hausa ce zalla ba, kuma nan ne daɗin namu yake. Ƙasarmu bakin iyaka ce. Ga Illo da Lolo a bakin Kwara, ga Ka'oje ta Fulani, ga Zagga, ga Tsamiya a kan hanyar Segbana. Akwai Dandawa, akwai Zabarmawa, akwai Bokawa da Kyangawa, kowa da harshensa. A 1898 ne Turawan Ingila da na Faransa suka zauna a birnin Faris suka raba ƙasar Bargu a kan takarda, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ƙasar da ke hayinmu aka riƙa kiranta Dahome, sai a 1975 ta koma Benin, amma tsofaffinmu har suka mutu "Faranshi" suke cewa. Sai dai fa Bature ya raba ƙasa, bai raba dangi ba. Wanda ke Lolo yana da ƙanwa a Madekali, wanda ke Tsamiya surukansa na Segbana. In kaka ta yi, amarya ta ƙetara can, wata ta ƙetaro nan, makaɗa na biye. A biki ɗaya sai ka ji kalangun Hausa, ka ji goge da molon Dandawa, can gefe sarewar Fulani, a yi wa makaɗi liƙi da naira a haɗa masa da sefa, bai ce ba ya so ba.

Haka aka daɗe ana yi, waƙa tana da lokacinta, tana da wurinta, in kana son ji sai ka tashi ka je. Daga nan na'ura ta shigo, kuma ta shigo ne hawa hawa.

Da fari garmaho ne, mai faifai baƙi da allura, wanda sai gidan sarki ko babban attajiri. Wannan bai taɓa talaka ba sosai. Abin da ya taɓa kowa shi ne rediyo. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna, kuma muryarsa a gajeren zango tana kaiwa har bakin iyakarmu, ta wuce. Ranar da akwatin rediyo mai batir ya shigo ƙauye, ranar ce mutumin Illo ya soma jin Mamman Shata na Katsina ba tare da ya taka ko'ina ba, ya ji kuntigin Ɗanmaraya daga Jos, ya ji gurmin Haruna Uji daga Haɗeja. Masu aika gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka suka yi suna kamar sarakuna. Mu kuma da ke kan iyaka kunnenmu uku ne, in an murɗa nan Kaduna ko Rima ta Sakkwato, in an ƙara murɗawa Yamai da waƙoƙin Zabarma, in an ƙara Faraku ta Benin da Dandanci. Daga lokacin ne waƙa ta daina jiran kaka, ko tsakiyar marka kana kwance cikin ɗaki ruwa na zuba Shata na yi maka hira.

Sai kaset. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, amma bai cika ƙasarmu ba sai a shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, da kowane ma'aikaci ya ga ba shi da buri sai babur da rakoda. Kaset ya fi rediyo abu ɗaya: rediyo sai abin da aka ba ka, kaset kuwa kai ma kana iya ɗauka. Ka danna maɓalli biyu, ja da baƙi, duk abin da ke gabanka ya shige. Da haka makaɗan ƙauye da ba su taɓa ganin ƙofar gidan rediyo ba suka samu shiga na'ura. Direbobi da fatake suka yi ta yawo da su, a kwafa a sake kwafa har murya ta dusashe.

A nan labarin gidanmu ya shigo. Babanmu yana fataucin albasa da kifi, yana bin jirgin ruwa zuwa kasuwar Malanbil, wadda tana cikin manyan kasuwannin Benin, ga ta daura da Gaya ta Nijar, gada ce kawai tsakaninsu. A can ya sayo rakodarsa mai bakin kaset biyu. Ya sha ba mu labarin yadda ya shigo da ita a lokacin da gwamnatin soja ta rufe iyaka a 1984, ya naɗe ta cikin tabarma ya bi hanyar daji, don ba a buɗe ba sai 1986. Da wannan rakoda ya ɗauki wani tsohon makaɗin noma na garinmu, ranar da aka yi wasan kaka a ƙofar gidan kakanmu. Mutumin nan ba shi da suna a rediyo, ko Birnin Kabi ba a san shi ba. Amma shi ya san taken kowane gida a garin. A cikin kaset ɗin ya kaɗa taken kakanmu, ya jero iyayensa har hawa biyar, rabi da Hausa rabi da Dandanci, ana jin guɗar mata a baya, kuma Baba ya ce guɗar da ta fi tsawo ta Inna ce. Ba a daɗe ba makaɗin ya rasu, 'ya'yansa kuwa ba wanda ya ɗauki gangar.

Duk shekara in an gama ɗaurin gero, Baba zai sayo batir sabo, ya shimfiɗa buzu bayan isha'i ya sa kaset ɗin nan sau ɗaya, ya mayar cikin kwalinsa ya ajiye sai baɗi. Mu yara ba ma jin daɗinsa ko kaɗan. Mu a lokacin wani abu ne ya ɗauke mana hankali.

Ka san a 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Kafin shekara goma ta cika, sai ga waƙoƙin fim da ake haɗawa da fiyano a situdiyo, namiji ya yi baiti mace ta amsa, salon da muka saba gani a finafinan Indiya. Fim ɗin Sangaya ya zo ya tafi da hankalin 'yan mata kaf, daga Kano har Kwatano. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, kamar dai ya ga zamanin da ke tafe ya ba shi wuri. Jihohinmu suka shiga shari'a a shekarar 2000, aka yi ta muhawara a kan kiɗa, wasu wuraren aka taƙaita taron dare da cuɗanyar maza da mata. Makaɗin ganga ya rasa dandali, amma waƙar fim da ke cikin ɗaki ba abin da ya same ta.

Ina aji ɗaya a sakandare, wata ƙawata ta aro mini kaset na waƙoƙin fim, ta ce gobe da safe za ta karɓa. Ina son in kwafa, ba ni da kaset fanko, ba ni da kuɗin saye. Na buɗe akwatin Baba na ga wani tsoho ba rubutu a jikinsa sai ɗan jan zare da aka ɗaura wa kwalin. Wallahi na san ko wane ne. Ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na dai ce a raina fuska ɗaya zan ɗauka in bar masa ɗaya. Da na ga waƙoƙin ba su ƙare ba, sai na juya.

Ba a gane ba sai da kaka ta zo. Baba ya shimfiɗa buzunsa, ya sa batir, ya danna, sai ga fiyano ta tashi da muryar yarinya. Ya juya kaset ɗin, haka. Ya yi shiru ya fi minti biyar. Ni kuwa ina bakin ƙofar ɗakin Inna jikina na rawa, ina jiran bulala. Da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, ya ce, "Uwata, ke ce?" Na ce, "Ni ce, Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba komai. Sai dai kin shafe kakanninki, kuma ba inda za a sayo su." Ya tashi ya shige. Daga wannan shekara bai sake shimfiɗa buzu don kaset ba.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu, waƙoƙin da na shafe tarihin gidanmu saboda su, yau in na so ji, minti ɗaya ya isa in samo su a YouTube. Wancan kuwa ko duniya zan bayar ba shi.

Bayan kaset abubuwa sun yi gudu. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka yi faifan CD na ɗan lokaci, sai memori da masu tura waƙa a bakin kasuwa, ka ba da ɗan canji a cika maka ɗaruruwa. Aka yi zamanin Aminu Ala da Fati Nijar da Nazifi Asnanic da Umar M. Shareef, Rarara ya riƙe na siyasa, a 2020 Hamisu Breaker ya yi Jaruma matan aure suka yi ta rawarta a waya. Ni ban ce ba su iya ba, ina jin su, har a littattafaina taurarina na saurarensu. Tsofaffin kuma suna ta tafiya, Barmani Choge mai amada a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Yau a bikin ƙauye dije ake ɗauka da manyan lasifika, ya fi arha, ba ya cin tuwo da yaransa goma, ba a yi masa alkawarin dami.

Kada kuma mu ɗora wa waya laifin duka, gonar ma ta sauya. Maganin feshi ya kashe gayya, don ciyawar da samari talatin za su nome yanzu mutum ɗaya ne da goyon famfo. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, injin casa ya rage lugude. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kabi a 2015, noman rani ya ƙara ƙarfi, mutum na gama na damina zai faɗa na rani da injin ban ruwa, babu sauran watannin hutu da ake cika su da wasa. An samu kuɗi, ban musa ba, amma an rasa lokaci. Iyakar da makaɗa ke ƙetarawa ita ma ta sha rufewa, kamar yadda aka yi a watan Agustan 2019. Ga kuma babban abin da ya fi duka, rashin tsaro. Tun wajen 2021 arewacin Benin ke fama da hare-haren masu ɗauke da makamai ta wajen dajin da ya haɗa su da Nijar da Burkina Faso, mu ma nan Kabi tun ƙarshen 2024 sunan Lakurawa ya shiga bakin kowa. Wa zai tara jama'a a fili da dare yana kaɗa ganga, alhali kowa so yake a manta da garinsu?

Manyan makaɗa dai sun tsira. Gidajen rediyo sun adana su, malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihinsu, an yi wa Shata littafi guda mai kauri, jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba shi digirin girmamawa tun yana raye. Waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne ƙanana, makaɗin noman unguwarku, tsohuwar da ta iya waƙar daɓe, mai gogen Dandawa da ke zuwa daga hayi, waɗanda in sun tafi sun tafi da sunayen gidaje ɗari a cikinsu. Balle waƙoƙin Kyangawa, da harshen ma kansa ya kusa ɓacewa daga bakin yara.

Don haka roƙona gare ku, 'yan'uwana mata musamman, tunda mu ne ke zaune da tsofaffi a gida. Wayar nan da ke hannunki ta fi rakodar Baba sau dubu, ba ta son batir sabo, ba ta cin zare. Wannan kakar, in an zauna ɓarzar masara ko tsinkar gyaɗa, matsa kusa da kakarki ki ce, "Inna, yi mini wadda kuke yi in kuna niƙa." Za ta ce ta manta, za ta ce ke dai kin cika fitina. Ki yi shiru ki ci gaba da aikinki, za ki ji ta soma a hankali. Ki ɗauka, ki tambaye ta wa ya koya mata, a wane gari, ki tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu don kada ya zauna wuri ɗaya. In kuma akwai tsohon kaset a ƙasan akwatin gidanku, kada ki bari yara su ja zarensu su yi wasa, nemi mai mayar da shi cikin waya tun bai manne ba.

Ni na fara nawa makon jiya. Na je wajen ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, na ce, "Gwaggo, ko kin tuna taken gidanmu?" Ta rufe ido ta daɗe, ta kawo sunaye uku daga cikin biyar ɗin, tana buga gwiwarta da tafin hannu a madadin ganga. Na huɗu ya tsaya mata a maƙogwaro, ta yi ta yi bai fito ba. Ta ce in dawo in an gama yankan dawa, wataƙila ya faɗo mata, in kuma bai faɗo ba akwai wata 'yar'uwarsu da aka kai aure Madekali tun kafin a haife ni, a bincika ko tana da rai. Na riga na yi wa mai jirgi magana. Allah ya kai mu, ya sa mu ga kakar baɗi lafiya, amin.